Kantar Banɗaki da Ƙadangaren Roba

Sabon Gari, Wudil.

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa gare ki, babbar gidan nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gajiyar biki, ina gajiyar hanya, ya baƙunta? Ina fata mota ta sauke ku Gombe lafiya, ku da kayanku, ba abin da ya fashe sai wanda dama Gwaggonki Lami za ta fasa ko da a tabarma take zaune. Allah ya sa da ƙafar dama kika shiga gidan, ya tsare ki a cikinsa da wajensa, ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoronsa. Ki gaida maigidan. Ki ce ina gaishe shi, kada ki ƙara komai a kai.

In kin kai ga wannan takarda, to kin riga kin kwance igiya, kin ɗaga katakon sama, kin ga abin da ke kwance a kan na biyu. Na roba ne. Ba ya cizo, ba ya gudu. Shi ne ƙadangaren da ya sa ƙanwarki Hadiza ta watsar da kwanon koko a kan ƙaninki Nura, shi ne kuma ya sa Nuran ya haye katanga da takalmi ƙafa ɗaya. Ki sha ruwa, ki zauna, zan gaya miki dalili.

Ki yi haƙuri da rubutun. Ni ɗan allo ne, hannuna ya saba tasowa daga dama, wannan na bokon a waya na tsince shi, shi ya sa layukan suke gangarawa kamar masu neman kogi. Kuma kada ki shiga da takardar banɗaki, akwai sunan Allah a cikinta. Ki karanta a ɗaki, ki riƙe a ka, sannan ki tashi aiki.

Da Gwaggonki ta dawo daga jere, ta same ni a teburin shayi ta ce, "Sale, gida dai ba laifi. Amma akwai wani ɗan lungu a jikin banɗakin, har da ƙofarsa, ko ƙusa ɗaya babu a ciki. Sabulu a ƙasa, soso a ƙasa, kamar gidan gwauro."

Na ce, "To bari in bi motar kaya da gudumata."

Ta ce, "Ka je ina? Banɗakin surukinka? Kai dai tun kana yaro aka san ba ka cika ba."

Gaskiyarta. Yaron nan tun yana ɗalibi a jami'a yake zuwa teburina. Na taɓa zuba masa gishiri a madadin sukari, ya shanye tas, har da cewa Allah ya saka da alheri. Ranar da magabatansa suka zo na gane shi, na ce a raina wannan zai iya zama da jinin gidanmu. To yanzu in na hango shi sai in canza hanya, shi ma ya canza, wani lokacin mu sake haɗuwa a hanyar da muka canza. Ina ni ina shiga banɗakinsa? Don haka na ɓalle katakan namu na ɗaure miki. Ke za ki kafa da hannunki, ni kuma in gaya miki duk inda na yi wauta, ki kauce.

Amma tukuna, maganar da ta sa ni zaman rubutu. Ana saura 'yan kwanaki a sa ki a lalle, kina tsakar gida kina tsince shinkafa da Ummanku, kika ce mata, "Ni Baba bai taɓa tsokanata ba. Kowa a garin nan yana da labarin abin da ya yi masa, ni ban da ko ɗaya. Ko sunana ban taɓa ji a bakinsa ba. Ina jin in na tafi ma ba zai lura ba."

Ina banɗaki lokacin. Kin san ba a magana a can. Na yi gyaran murya, kuka yi tsit, kuna tsammanin buta nake nema. Na fito na wuce ku kamar ban ji ba, na je tasha na zuba wa wani direba madara sau biyu. Tun ranar maganar take bina. Ba na so ki zauna a garin mutane da wannan a ranki.

To ga aikin.

Abu na farko, tsayi. Lokacin da aka kawo Ummanku gidan nan ina yaro, gashin baki bai gama fitowa ba. Ita gajera ce, kin sani, kuma ba ta kiran sunana, ba ta ma kirana da komai. In tana son abu sai ta tsaya kusa da ni ta yi ta gyara mayafi har in lura. Sai na ce bari in yi maganinta. Na kafa kanta a banɗaki daidai inda ni kaɗai nake kaiwa, na kwashe sabulunta da sosonta da dutsen goge kaushi na jera a kai. Nufina dole ta buɗe baki ta ce wane, zo ka sauko mini da shi. Na zauna a tsakar gida ina jira ina dariya ni kaɗai.

Ba ta kira ba. Ashe bokiti take kifawa ta taka. Haka ta yi ta yi watanni, ni kuma na ƙi saukewa, ina ganin za ta gaji. Har ta samu cikinki, cikin ya tsufa. Wata safiya na ji ƙarar bokiti, na ji wani abu mai nauyi ya bi bayansa. Ko a nan ba ta kira ni ba. Iya, kakarki, ita ta riga ni isa. Allah ya tsare, gwiwa ce kawai ta gurje, amma yinin ranar ba ki motsa ba, sai bayan la'asar. Ban taɓa ganin rana mai tsawo irin wannan ba. Da Ummanku ta ce wa Iya kin motsa, Iya ta ce alhamdulillahi, sannan ta ɗauko muciya ta bi ni har ƙofar gida, ina magidanci, yara suna kallo.

Saboda haka kada ki auna da ido, kada ki auna da tsayin maigidan. Ki shiga lungun ki tsaya ba takalmi, ki miƙa hannu ba tare da kin yi ɗage ba, ki sa alama da gawayi. Nan ne kantar sama. Ta tsakiya daidai ƙirjinki, nan za ki sa abin da kike ɗauka kullum. Ta ƙasa ki bar mata wurin da bokiti zai shiga ƙarƙashi. Kuma in wata rana kin ga wasa tsakaninku ya koma wani yana jira ɗaya ya roƙe shi, ku sauke kantar tun ba a ji ƙarar bokiti ba. In ke ce kike bukata, ki buɗe baki. Kin ɗauko shirun Ummanku kaf, na daɗe da gani.

Na biyu, katako. Da na sauke waccan, sai na ce bari in burge. Na samo irin katakon nan fale-fale da ake mannawa, mai sheƙi kamar madubi, na yanka na jera. Ummanku har ta kira maƙwabta kallo. Damina ɗaya ta ishe shi. Ya sha laima ya kumbura, ya buɗe shafi-shafi, kyankyasai suka tare a ciki da iyalansu. Rannan da tsakar rana ya sauke kayansa gaba ɗaya, garin lallen Ummanku ya zube a ruwa, ƙasan banɗakin ya yi ja har bayan sallah.

Na je ƙarƙashin gada ina ba Baba Tanko masunci labari, wai don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya nuna mini wani tsohon jirginsa da aka jawo kan yashi, gindinsa ya fashe.

Ya ce, "Ɗebi gefen. Wannan tun ba a haife ka ba yake cikin ruwa. Ɗan fantsalin wankanku ba zai ba shi tsoro ba."

Na ce, "Baba, ba zai yi ƙarnin kifi ba?"

Ya ce, "Zai yi. Kai ma kana yi, an kuma zauna da kai."

Su ne waɗannan da ke gabanki. Baƙaƙe ne, ba su da kyan gani, akwai ma ramin tsohuwar ƙusa a na ƙasan. Na san a gidan amarya ana son komai ya yi ƙyalli, na kuma san ƙawayenki za su leƙa. Kada ki shafa musu fenti, ba sa riƙewa, na gwada. Ki goge su da tsumma kawai. In an tambaye ki, ki ce daga kogin garinku suke. Randa kewar gida ta dame ki, ki watsa wa ɗaya ruwa ki sa hanci. Har yanzu Wudil tana nan a ciki kaɗan.

A ƙunshin akwai 'yan sanduna gajeru, biyu-biyu na ɗaure su. Su ake bugawa a bangon dama da na hagu, katakon ya zauna a kansu. Kada ki buga katakon kansa, ki bar shi yadda za ki iya ɗagawa ki wanke. Ƙusoshin da ke cikin gwangwanin madara na kankare ne, kada ki musanya su da na kafinta, lanƙwashewa za su yi. In bango ya yi taushi ƙusa tana rawa, ki sassaƙa ɗan guntun itace ki cusa a ramin, sannan ki buga a cikinsa. Kafin ki buga sanda ta biyu, maigidan ya riƙe miki, ki ɗora katakon, ki sa kwano cike da ruwa a kai ki duba bakinsa. In ruwan ya karkata dama ko hagu, ki gyara. Amma ki bar shi ya ɗan sunkuyo gaba kaɗan don ruwa ya riƙa zubewa, ki kuma bar tazarar yatsa tsakaninsa da bangon baya. Ni na manne nawa na farko da bango, laima ta samu wurin kwana.

Kada ki shimfiɗa takarda a kai sai kin juya bayanta. Na taɓa shimfiɗa tsohuwar kalanda, sai da aka kwana biyu na ɗaga na ga aya ce a bayan. Ni da na yi shekaru gaban malam. Na fito da ita a guje ina istigfari, Ummanku ta ce, "Gardi ke nan." Har yau in muka yi faɗa da wannan take rufe mini baki.

Na uku shi ne wanda nake ta kewayewa.

Kafin ki buga ƙusa ko ɗaya, ki nemi inda bututun ruwa ya bi a cikin bangon. Ki dubi kan famfo, ki bi layinsa sama da ƙasa, kada ki buga a wannan layin. Gidan haya ne, maigidan ya tambayi mai gidan, ya kuma nemi izininsa.

Shekarar da aka jawo mana ruwa cikin gida, kina famfarar haƙori, bakinki duk giɓi. Na lura kina ajiye ɗan sosonki a ƙasa don ba kya kaiwa kanta. Na ce bari in yi miki taki, 'yar ƙarama, can ƙasa. Ban gaya wa kowa ta wace ce ba. Na durƙusa na saita ƙusa, bugu na uku sai ruwa ya tsarto mini a ido. Na danne da babban yatsa, ya ɓullo ta gefe ya shiga hancina. Ina ihu a rufe, a rufe, Ummanku tana zagaye tsakar gida ba ta san abin da za a rufe ba, ta je ta rufe ƙofar zaure.

Sai na ji dariya a bayana. Ke ce a bakin ƙofa. Kin yi dariya har kin zauna daɓas a cikin ruwan, kina nuna ni da yatsa, giɓin nan duk a waje. Wallahi na riga na karkata yatsana zan feso miki, yadda zan yi wa kowane yaro a unguwar nan. Sai na ɗaga kai na ga Iya da Gwaggonki a tsaye suna kallona. Ke 'yar fari ce, kuma sunan Iya aka sa miki. A gidanmu uba ba ya wasa da ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ko ɗaukarsa ba ya yi a gaban manya. Haka aka yi wa yayanmu, haka na tashi na gani. Sai na haɗe rai na ce, "Ke, tashi ki ba mutane wuri."

Dariyar ta ɗauke nan take. Kika tashi da jiƙaƙƙen zane kika tafi. Daga ranar in na shigo gida sai ki sunkuyar da kai, in ina tsokanar ƙannenki sai ki ɗauki tsintsiya ki koma gefe. Iya ta yaba mini, ta ce ashe ina da kunya. Ummanku ma ta yi irin tata kunyar, amma ita tana da murhu, kuma a gindin murhu uwa da 'ya ba sa daɗewa suna kunyar juna. Ni ba ni da murhu. Ina da guduma.

Ban ce al'adar banza ce ba. Manya sun yi ta ne don kada mutum ya riƙa rawar kai da abin da Allah ya ba shi. Laifina shi ne na yi ta har a inda ba kowa. Iya ta rasu, ban daina ba. Ga shi an wayi gari duk Wudil an san ni da tsokana, 'yata kaɗai ta san ni da ɗaure fuska. In Allah ya ba ki naki na fari, ki yi kunyarki a gaban surukai in kina so. Amma in kun shiga ɗaki ku biyu, ki feso masa ruwan.

Kin ce ba zan lura ba. To bari ki ji. In kin gama wanka kina dafa bango da hannun hagu ki sa takalmi. Kullum. Sai tafinki ya fito a jiƙe a jikin siminti. Ni nake shiga bayanki kafin in tafi tasha, in tarar da shi bai bushe ba. Da shi nake aunawa. Duk sanda na ga ya haura, sai in jira kin tafi makaranta in ɓalle kantarki in ɗaga ta. Ban sani ba ko kin taɓa tambayar kanki yadda aka yi sosonki bai taɓa yi miki nisa ba, bai kuma taɓa sa ki sunkuyo ba. Wataƙila kin ɗauka kanta ma girma take.

Yanzu da na ɓalle katakan, ramukan ƙusoshin sun fito fili, suna hawa bango kamar tsani. Na ƙasan yana kusa da facin bututun, daidai gwiwata. Na saman ya kusa kafaɗata. Jiya Ummanku ta tarar da ni a tsaye ina kallonsu, ƙofa a buɗe.

Ta ce, "Malam, ka kwashe mana kanta ka bar mu da sabulu a ƙasa, yanzu kuma gadin bango kake?"

Na ce, "Siminti nake dubawa, zan toshe."

Ta ce, "Taɓa ɗaya ka gani."

Ta wuce kicin, na ji tana jan hanci, ta ce wai albasa ce. Ba albasa a gidan, ni na san abin da na sayo.

Gidan ya yi faɗi. Hadiza tana shara amma ba ta kaiwa bayan randa. Da safe in na shiga banɗaki bangon a bushe yake. A tasha kuwa duk motar da ta hau gada ta nufi gabas sai na bi ta da kallo har shayi ya zubo. Direbobi sun fara cewa Sale ya tsufa, an kwana biyu ba wanda ya sha gishiri.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki yi addu'ar shiga kafin ki taka da hagu, kada gaggawa ta sa ki manta. Ki ajiye reza da maganin wanke ƙasa a kantar sama tun yanzu, kafin masu rarrafe su zo. Kada ki cika wa ta tsakiya kaya, ki bar wa maigidan gefe, ko da tsinken sakace kaɗai zai ajiye. In kun saɓa, ku gama a ranar. In ya yi miki abin dariya, ki yi dariyar a gabansa da dukkan haƙoranki, kada abin da na yi miki ya bi ki can.

Ƙadangaren naki ne yanzu. Na so in ga fuskarki, amma na san da ina wurin da na haɗe rai na ɓata abin. Ki ajiye shi a bayan sabulu. Maigidan ya shanye gishiri bai yi ƙorafi ba, ina so in ji ko wannan zai sa shi magana.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin gama kafawa, ki kira. Wayata za ki kira, ba ta Ummanku ba a ce a gaida Baba. Ki gaya mini irin ihun da kika yi, da abin da ke hannunki lokacin, da ko ya fashe. Ina so in ji duka, kada ki taƙaita. In na ɗauka na ce wa ke magana kamar ban sani ba, kada ki kashe, tsohon hali ne. Ki ɗan jira ni.

Sunan kuma ina gwadawa. Kwanan nan in na tashi daga tasha sai in gangara ƙarƙashin gada, inda ƙarar motoci ba ta barin a ji mutum, in faɗe shi. Ranar farko bai fito ba. Jiya ya fito, har wani mai wankin babur ya waiwayo. In kin kira zan gwada a kunnenki. In muryar ta maƙale, ki yi mini dariya, wannan karon ba mai korar ki.

Allah ya tsare ki daga santsin ƙasa da sharrin dare da na rana. Allah ya sa albarka a gidanki, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa hanyar Gombe ta riƙa maido mana ke lafiya. Ummanku tana gaishe ki, Hadiza da Nura suna gaishe ki, Nura ya ce a dawo masa da cajarsa.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Sale mai shayi.